Suna Ɗaya Za a Rubuta

Litinin, 7 ga Mayu, shida da rabi na safe

Na sayi wannan littafi ne don in riƙa rubuta shirin tafiya, kada wani abu ya kuɓuce mini. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne. Tun da na bar sakandare guduma na fi riƙewa. Amma mutumin da ya yi wa gidaje sama da dubu rufi a garinmu Miyakonojo, nan kudancin Japan, babu ɗaya da ya yi yoyo, ai auren mutum biyu ba zai gagare shi ba.

Ga yadda na tsara. Ranar Talata, 29 ga wata, ni da Sumie a tsibirin Yakushima. Ba zauren otal, ba jawabai, ba dangin da za su zo ƙirga mana furfura. Shekarata hamsin da tara, nata hamsin da huɗu, wa za mu yi wa ado? Da safe mu shiga daji wurin tsofaffin itatuwan sugi, mu faɗa wa juna abin da za mu faɗa. Da rana mu kai takarda ofishin gari. Da yamma bakin teku, a soya mana kifi.

Za mu sauka a gidan baƙin wata dattijuwa, Hidaka. Ita da mijinta ne shaidunmu. Sau uku na yi mata waya, a na ukun ta ce, “Setoguchi-san, kwantar da hankalinka. Dajin nan ya fi shekara dubu a wurin, ba zai tashi kafin ƙarshen wata ba.”

Komai na tafiya daidai.

Talata, 8 ga Mayu, ƙarfe ɗaya, a cikin mota

Na karɓo hatimin da na sa a sassaƙa wa Sumie. Itace ne mai kyau, aikin hannu, da ɗan gidansa ja. Sunan gidanmu, Setoguchi, haruffa uku a rubutunmu, kowanne a zaune daram. Zobe kowa na iya saye. Ni abin da za ta riƙa bugawa a kan kowace takarda har ƙarshen rayuwa na yi mata.

Takardar auren ma na cike ta jiya. Akwai wurin da ake tambaya wane suna za a ɗauka, na miji ko na mata, tunda doka suna ɗaya ta yarda da shi. Na sa alama inda kowa ke sawa. Sa hannunta kawai ya rage.

Na nuna wa Gonda hatimin. Shi ne babban ma'aikacina, tare muka fara. Ya juya shi ya sake juyawa ya ce, “Maigida, ka dai tambaye ta?”

Na ce, “Tambayar me?”

Ya ce, “A'a, ba komai.”

Shekara talatin muna hawa rufi tare, har yau bai koyi ƙarasa magana ba.

Laraba, 9 ga Mayu, bakwai na yamma

Na kai mata da la'asar, bayan masu cin abincin rana sun watse daga shagonta. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cin abinci a kujera ta ƙarshe ta wannan kanta, na san lokacin da take samun sarari.

Ta buɗe, ta duba, ta ce, “Ya yi kyau. Na gode.” Ta rufe. Takardar kuwa ta daɗe tana kallonta. Daga baya ta ninke ta, ta sa a aljihun rigar girki, ta ce za ta riƙe tukuna. Sai ta tambaye ni ko zan sha shayi, da irin muryar da take tambayar mai karanta mitar ruwa.

Wasu matan ba sa son a ga murnarsu a fili. Komai na tafiya daidai.

Juma'a, 11 ga Mayu, biyu na rana

Na sayi takalman hawan dutse ƙafa biyu da rigunan ruwa. Nata shuɗi.

Yau da ta ajiye mini shinkafa, “Setoguchi-san” ta ce. Shekara uku ke nan Tetsu-san take ce mini, da sunana na yanka.

Lahadi, 13 ga Mayu, yamma

Babu abin rubutawa yau.

Litinin, 14 ga Mayu, biyar da rabi na safe

To, bari in rubuta, tunda ba ni na yi laifi ba.

Jiya ta kira ni sama, ɗakinta da ke kan shagon. Ta ɗauko wani gwangwanin biskit ta buɗe. Takardu ne a ciki, guda tara, duk iri ɗaya: kwafin rajistar iyalinsu daga ofishin gari. Shafi ɗaya, mutum biyu. Nomoto Sumie a sama, Nomoto Kohei a ƙasa.

Kohei ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa, ita kaɗai ta raine shi. Shekara tara da suka wuce ya fita da jaka ɗaya, yana da shekara ashirin da huɗu. Bai dawo ba, bai yi waya ba. Wannan kowa a unguwar ya sani. Abin da ban sani ba shi ne duk watan Afrilu takan je ta karɓo sabon kwafi.

Ta ce, “In ya mutu, a nan za a rubuta. In ya yi aure, a nan za a rubuta. Duk shekara nakan duba in ga ba a rubuta komai ba, sai in dawo in ɗora tukunya.”

Na ce to ai babu wanda ya hana ta ci gaba da dubawa.

Ta ce, “Tetsu-san, in na ɗauki sunanka za a cire ni daga shafin nan. Shi kaɗai zai rage. Ran da ya buƙaci takardar don wani aiki, ya karɓa, ya ga uwarsa ta fita ta bar shi fa? Ko ya zo ƙofar nan ya ga wani suna?”

Na ce, “To me kike so a yi?”

Ta ce, “Wurin alamar nan biyu ne a takardar. Kai ɗaya ka gani.”

Na gane abin da take nufi. Na ce mata sunan nan yana jikin motoci huɗu. Na ce ni na ɗaga shi daga ƙasa da hannuna. Ta ce, “Ban ce ka goge motocinka ba.” Na ce namiji mai shekara kusan sittin ba ya shiga ƙarƙashin sunan mace kamar wanda bai da gida. Ta tura mini ɗan gidan hatimin ta kan tebur, a hankali, da hannu biyu.

Na bar shayin ban sha ba. Hatimin yana cikin aljihun mota.

Za ta huce. Saura kwana goma sha biyar.

Laraba, 16 ga Mayu, sha biyu da rabi, a cikin mota

Shinkafar kanti ba ta da laifi. Mutane ne ke raina ta.

Gonda ya dawo daga cin abinci yana sakace haƙori. Ya ce, “Maigida, yau kifi da miyar miso aka yi a shagon Nomoto. Kujerarka ma wani ɗan inshora ne a kai. Saurayi, gashi baƙi wuluk.”

Na ce ya je ya ɗaure tsani.

Ya ce, “Na ɗaure. Ta ce in tambaye ka ko gwiwar ta daina.”

Na ce, “Ita ta ce?”

Ya ce, “A'a. Amma ta kusa cewa.”

Wata rana zan jefo shi daga rufi.

Alhamis, 17 ga Mayu, shida na yamma

Hidaka ta yi waya. Ta ce kunkurun teku sun fara fitowa yin ƙwai, da sassafe ana ganin sawunsu a kan yashi kamar na taya. Ta ce mijinta ya san wani wuri a daji da masu yawo ba sa zuwa, kusa da rafi, gansakuka ta rufe komai har duwatsu. Tafiyar minti arba'in. Na ce ya yi.

Ta tambaya wane suna za ta rubuta a allon ƙofar ɗakinmu. Na ce Setoguchi, mutum biyu.

Komai na tafiya daidai. Ban soke komai ba, ba kuma zan soke ba.

Asabar, 19 ga Mayu, bakwai na safe, ruwa ya hana aiki

Ita ba ta san mene ne sunan nan ba kafin ni. Ina yaro, in aka ce Setoguchi a unguwarmu, ana nufin mutumin da ake tsinta a kwalbati da safe. Babana ke nan. A makaranta malami ya kira sunan, yara su fara tangaɗi suna dariya. Na yi alkawari sai an kira sunan nan an rusuna. An kuma yi. Yau mai gida zai ce wa maƙwabcinsa, “Setoguchi ne ya yi rufina,” da alfahari yake faɗa.

Matata ta farko ta riƙe shi shekara shida, ta mayar mini kamar laimar aro. Na ƙara mota ta biyu.

Saboda haka kada wani ya ce mini girman kai ne.

Akwai wata magana da na taɓa yi a kan kantar nan, shekara tara da suka wuce. Game da samarin da ke kwana har rana a gidan iyayensu mata. Hira ce kawai, irin wadda kowa ke yi. Ban san Kohei yana tsaye a kan matakala ba. Bayan sati biyu ne ya tafi. Sumie ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya, kuma mutum ba ya barin gida don magana ɗaya. Kowa ya san haka.

Ban san abin da ya kawo wannan nan ba. Littafin shirin tafiya ne.

Litinin, 21 ga Mayu, yamma

Na bi ta ƙofar shagon sau biyu. Hanya ce.

Laraba, 23 ga Mayu, huɗu na la'asar

Aiki ya kai mu layinsu. Gidan wani likitan haƙori, bene biyu, tsallaken titi kaɗan daga shagon. Na ce Gonda ya kama ɓangaren baya, ni na kama na gaba, saboda nan ne aikin ya fi wuya.

Wajen biyu da rabi mai cin abinci na ƙarshe ya fita. Sai ga ta ta fito da tsumma. Ta goge ɗan allon sunan da ke jikin ƙofar gida, na katako, wanda rana ta cinye. Ta gama, ta tsaya. Ta dubi titi ta hagu har ƙarshensa, wajen tashar bas. Ta dubi dama. Ba ta daɗe ba, kamar numfashi uku. Ta koma ciki.

Na tambayi matar likitan, da ta kawo mana shayi, ko kullum haka take yi. Ta ce, “Nomoto-san? Kullum. Da ita nake gyara agogo.”

Shekara goma sha ɗaya. A lokacin nan ni ina ciki, na ba ƙofa baya, ina jiran a ƙaro mini shayi. Ni da nake cewa daga kan rufi ake sanin gari.

Na fasa tayil biyu yau. Rabona da fasa tayil tun ina almajirin aiki.

Alhamis, 24 ga Mayu, ƙarfe ɗaya

Na shiga ofishin gari, dama akwai takardar aiki da zan karɓa. Tunda na shigo, na tambayi matar da ke kan tebur wani abu, na ce don wani ma'aikacina ne.

Ta ce in miji ya ɗauki sunan mata, kuma matar ce a kan shafin, to shi ake shigarwa cikin shafinta, ba a cire kowa. Ta ce sunan kamfani ba ya canzawa. Lasisin tuƙi da sauran takardu ne za a bi ɗaya bayan ɗaya a sauya.

Na ce, “Maza na yin haka kuwa?”

Ta ce, “Kaɗan. Amma ana yi.” Ta dube ni ta saman tabarau. “Ka gai da ma'aikacin naka.”

Na karɓo sabuwar takardar aure, fara. Ba wai na yanke wata shawara ba. Mai aiki ba ya fita da ƙusa ɗaya.

Asabar, 26 ga Mayu, takwas saura

Bayan aiki muka zauna a bayan rumbu ni da Gonda da kwalbar giyar shochu. In an tashi aiki Tetsu yake ce mini. Na gaya masa kaɗan.

Ya yi dariya har ya sarƙe. “Tetsu ango zai tare a gidan amarya! Mu ɗauko maka akwati? Wa zai yi maka kukan rakiya, ni?”

Na ce abin da nake gudu ke nan.

Ya ce, “Ai za a yi. Ni zan fara. Wata uku ina yi, sai in gaji.” Ya ƙara zuba mini. “Kai fa, sunan nan ka gama masa aiki. Ba ka da ɗa, ba ka da jika. Ranar da ka mutu, a jikin mota zai zauna har fenti ya goge. Ita nata akwai wanda take jira da shi.”

Na ce in ya sha sai ya zama malami.

Na jefa tikitinta a akwatin wasiƙarta a hanyar dawowa, da 'yar takarda: Litinin, tashar jirgin ruwan Kagoshima, takwas da rabi. Ba na son dogon bayani. Za ta gane.

Litinin, 28 ga Mayu, tara da kwata, a cikin jirgi

Na isa tun bakwai. Na tsaya inda duk mai shigowa zai gan ni. Ni ne na ƙarshe da ya shiga.

Akwai jirage masu sauri da rana. Wataƙila ba ta son tafiyar awa huɗu.

Takalmanta suna cikin jakata. Suna da nauyi.

Ranar dai, biyar da rabi, gidan Hidaka

Hidaka ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta dube ni, ta dubi bayana. Allon yana jikin ƙofar ɗaki kamar yadda na ce a rubuta.

Na koma tasha na jira jirage biyu. Na dawo.

Na zauna a teburin cin abinci na fito da farar takardar na cike ta daga farko. Na zo wurin alamar. Na sa a ɗaya gefen, na sunan mata. Na rubuta Setoguchi Tetsuji a wurin sa hannu, don da tsohon suna ake sawa, na buga hatimina. Ya fito tsaf.

Na miƙa wa Hidaka ita da mijinta su sa nasu. Ta ɗora tabarau ta karanta, ta ce, “To madalla. Ka gaya mata?”

Na ce za ta gani.

Ta ce, “Ta ina za ta gani, ɗan nan? Akwai teku a tsakaninku.” Ta juya ga mijinta. “Tsoho, kai ma haka kake. Sai ka yi abin kirki ka ɓoye shi kamar ka yi sata.” Mijin ya ce shi bai ce komai ba. Ta ce, “Abin da nake faɗa ke nan.”

Ta ce babu abinci sai na yi waya.

Bakwai da rabi

Na fita bakin teku na kira. Bugu biyu ta ɗauka.

Na ce na iso lafiya. Na ce ɗakin yana da tsabta. Na ce gobe da alama za a yi rana.

Ta ce, “Na gan ka ai. Ina zaune a ɗakin jira, bayan ginshiƙi. Kana ta duba agogo kamar mai jiran motar siminti.”

Na ce, “Kina wurin? To me ya hana ki fitowa?”

“Takardarka takwas da rabi ta ce. Na juya bayanta, babu komai.”

Na tsaya. Igiyar ruwa ta shiga mini takalmi ban matsa ba. Na gaya mata abin da na cike, da gefen da na sa alamar. Tunda baki ya riga ya buɗe, na faɗi ɗaya maganar ma, ta matakala. Ba zan rubuta yadda na faɗe ta ba. Ba ta fito da kyau ba.

Ta ce, “Na sani. Ina wanke kwano a lokacin, na ji ka.” Can ta ce, “Ba kai kaɗai ka yi magana a shekarar nan ba, Tetsu-san. Ni ma na yi tawa, ta fi taka muni.”

Na ce in ya karɓi takardar wata rana zai ga sunana a shafinsu. Ba lallai ya ji daɗi ba.

Ta ce, “In ya ji haushi, ya zo ya faɗa mana.”

Tana gidan ƙawarta a Kagoshima. Ta tambayi lokacin jirgin farko. Ta ce kada in zo tasha da furanni, na ce dama ban yi niyya ba. Sai in san yadda zan yi da waɗanda na ce a ajiye.

Na ci kwano uku.

Talata, 29 ga Mayu, shida na yamma

An wuni ana ruwa kamar da bakin tulu.

Ta sauko daga jirgi da 'yar jaka da gwangwanin biskit ɗin a leda. Ta ce ba ta barinsa a gida. Takalman sun yi mata yawa, ta sa safa biyu.

Mijin Hidaka ya kai mu wurin rafin ya koma can nesa ya juya baya. Itacen da muka tsaya a gindinsa, mutum shida ba za su zagaye shi ba. Na shirya magana tun makonni, mai kyau, da farko da ƙarshe. Ruwa na bin wuyana, na ce, “To, ga ni.” Ta ce, “Na gani.” Wata barewa ta tsaya tana tauna ganye tana kallonmu har muka gama. Sumie ta yi dariyar da rabona da jin ta tun farkon wata.

Daga nan ofishin gari, muna ɗiga. Ta karanta takardar layi-layi, ta sa hannu. Muka miƙa. Aka ce mu zauna a duba. Benci ne na roba, mutum uku a gabanmu, wani tsoho na gardama kan lasisin babur.

Ina kallon silin ɗinsu. Akwai tabon ruwa a kusurwar gabas, aikin wani ne da bai san aiki ba. Ina tunanin yadda da ni ne zan gyara shi, sai na ji ma'aikacin ya kira wani. Ya sake kira. “Nomoto-san. Maigidan. Akwai wuri ɗaya da ka tsallake.”

Na ce a raina, wannan mutum kurma ne ko me, ana ta kiransa.

Sumie ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta ce, “Da kai ake.”

Na miƙe, na gyara rigata, na amsa da ƙarfi yadda duk ofishin zai ji.